Yadda Muka Yi Bikin 'Yan Sama Jannati a Bakin Dajin Kamuku

11 ga Afrilu: Tashar Mando

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gidana a Rigasa, ana idar da salla ke nan. Jakar tufafi a kafaɗa, a hannu kuma akwatin roba mai ɗauke da ƙaramin majigi da batir da madubin hangen nesa mai ido biyu. Farantin sola kuwa na naɗe shi cikin tsohon bargo, na ɗaure da igiya. Mai Keke ya sauke ni a tashar Mando shida saura minti biyar. Na tarar wata tsohuwar Golf tana lodin Birnin Gwari, saura mutum uku. Na biya kujera biyu a gaba, ɗaya tawa ɗaya ta farantin, don ban yarda a danne shi da buhunan gishiri a but ba.

Kafin motar ta cika, bari in faɗa wa mai karatu abin da ya fito da ni. Sunana Tijjani, haifaffen Birnin Gwari, sana'ata kafa dish da haɗa sola a Kaduna. Rabona da wannan hanya shekara bakwai, kuma kowa ya san dalili. Wata uku da suka wuce sai Malama Laraba ta kira ni a waya. Ita ta koya mini labarin ƙasa a firamare. 'Yar Gbagyi ce, Kirista, ta yi ritaya ta koma ƙauyensu da ke bakin dajin Kamuku. Ta ce ta ji a rediyo wai duk shekara, ranar 12 ga Afrilu, ana biki a ƙasashen duniya don tuna ranar da ɗan Adam na farko ya shiga kumbo ya zagaya duniya ya dawo da ransa, a shekarar 1961.

"Tijjani, kai ne mai hulɗa da abubuwan sama. Bincika mini, mu ma an yarda mu yi?"

Na bincika. Ashe wata ƙungiya ce a ƙasar waje take riƙe da ragamar bikin. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma riba take nema ba. Masu sha'awar abin ne suke ba da lokacinsu kyauta. Tsarinsu ne ya burge ni. Ba sa cewa sai kana da digiri ko babban ɗakin taro. Ko ku biyar ne a tsakar gida, in dai za ku taru saboda wannan rana, sai ka rubuta sunan garinku a shafinsu, su ɗiga muku alama a taswirar duniya. Na cike fom ɗinsu da guntun Turancina, ina tsammanin shiru. Kwana biyu sai ga amsa daga wata mata cikinsu. Ta yi mana maraba, ta nuna mini inda zan sauko da hotuna da finafinai ba ko sisi, ta kuma koya mini yadda ake sanin lokacin da tashar 'yan sama jannati, wadda ke zagaya duniya da mutane a ciki, za ta gifta ta saman kowane gari. Da na duba namu sai ya faɗo daidai ranar bikin, ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyu na yamma. Da na faɗa wa Malama, sai da ta yi guɗa a waya.

Sunan Birnin Gwari kawai na rubuta, ban sa na ƙauyen ba, a nan ma ba zan sa shi ba. Ita ta ce a yi haka. Ta ce, "Duk sanda aka ambaci garinmu a rediyo, gawa ake ƙirgawa. Ina so ko sau ɗaya a ambace shi a wani zancen."

Buruku

Mota ta cika shida da rabi, amma direbanmu Shu'aibu, wani siriri mai yawan cin goro, bai tayar ba sai bakwai saura kwata. Ya ce shi ba ya shiga wannan hanya sai rana ta fito sosai, ko da an ce an yi sulhu da mutanen daji.

Bakwai da rabi muka wuce Buruku. Gaba kaɗan muka tarar da shingen sojoji, aka ce kowa ya sauko. Wani soja ya nuna akwatina da baki.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, yallaɓai."

"Buɗe."

Ya ɗaga majigi ya ajiye, ya ɗaga batir ya ajiye. Da hannunsa ya kai kan madubin hangen nesa sai ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wannan fa? Wa za ka kai wa?"

Sai a lokacin na tuna abin da irin wannan madubi yake nufi a dajin nan. Ni wata nake son nuna wa mutane da shi, amma je ka faɗa wa soja haka da sassafe. Ya kira sajansu, wani dattijo mai furfura a gefen kai. Na fito da waya, na buɗe taswirar ƙungiyar. Ga ɗigo-ɗigo nan birjik a Turai da Amurka da Asiya, ga namu can shi kaɗai a yammacin Kaduna. Sajan ya buɗa hoton da yatsu biyu har sunan garin ya fito.

"To me ya haɗa Birnin Gwari da 'yan sama jannati?"

"Malamata ce ta ce mu ma a ƙarƙashin saman muke, yallaɓai."

Bai yi dariya ba. Ya ce in kunna majigin ya ga abin da ke ciki. Na haɗa shi da batir, na haska a jikin tamfol ɗin rumfarsu, inda akwai ɗan duhu. Sai ga wata mata tana yawo a iska cikin tashar, gashinta a miƙe, ta matso ruwa daga leda ya dunƙule kamar ƙwallo, ta bi shi ta haɗiye. Kafin a jima sojoji huɗu sun kewaye mu, ɗaya yana cewa a maimaita. Sajan ya rubuta sunana da lambata, ya miƙo mini madubin, ya ce in tura shi can ƙasan jaka kada in sake fito da shi a hanya. Har na juya ya kira ni.

"Ƙarfe nawa ka ce za ta wuce?"

Na faɗa masa. Ya rubuta a bayan hannunsa.

Minti arba'in muka ɓata a nan. Da muka koma mota wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce, "Malam, da ka faɗa mana da mutanen sama muke tafe, ai da mun jira mota ta gaba." Aka yi dariya, ni ma na samu na sauke numfashi.

Udawa zuwa Birnin Gwari

Tara da kwata muka tsaya Udawa. Na sha koko da ƙosai mai zafi a bakin titi, na sayi mangwaro cike da leda a naira ɗari biyar. Shu'aibu yana zuba wa mota ruwa ya ce, "Wai shi mutumin naku na kumbo, awa nawa ya yi ya zagaye duniyar?"

"Bai cika awa biyu ba."

Ya dubi agogonsa. "Mu ga shi awa biyu da rabi, ko Kuriga ba mu hango ba. Lallai can babu ramuka."

Daga nan hira ta mutu. Shu'aibu ya kashe rediyo, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Daji ya matso har bakin kwalta, ramuka kuma suna tilasta wa mota tafiya kamar ta amarya a daidai wuraren da mutum yake so ta yi gudu. Hajiya mai atamfa ta fito da carbi. Mun wuce ƙauyuka da na sani da mutanensu, yanzu sai bangaye babu rufi, ciyawa ta fito a cikin ɗakuna. Amma mun wuce wasu da sabuwar jinka, da buhunan gawayi jere a bakin hanya, da wata mata tana shanya rogo a gefen titi, ɗanta goye. Duk inda muka ga hayaƙin girki sai Shu'aibu ya nuna da haɓa ya ce, "Waɗannan sun dawo." Shingaye uku muka ƙara wucewa, ba wanda ya sake taɓa akwatin.

Sha biyu saura minti ashirin muka shiga Birnin Gwari. Tafiyar da ba ta wuce kilomita ɗari da ashirin ba ta ci mana kusan awa biyar.

Na sauka gidan Kawu Isa, mai awon hatsi a kasuwa. Ya rungume ni, ya sa aka kawo fura mai sanyi, ya bari na sha na ƙoshi, sannan ya tambayi abin da ya kawo ni. Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona.

"Shekara bakwai. An yi biki ba ka zo ba, an yi rasuwa ba ka zo ba. Sai kallon tauraro ne ya iya kawo ka?"

Na sunkuyar da kai, don gaskiya ya faɗa. Na shimfiɗa farantin sola a tsakar gida na bar batir yana caji, na bi Kawu gida huɗu gaisuwar ta'aziyyar da ta daɗe a wuyana. A gida na uku, na abokina na ƙuruciya da aka tare a gona aka kashe, mahaifinsa bai yi mini ƙorafi ba ko kaɗan. Ya ce dai, "Ka zo ke nan." Wannan ya fi faɗa ciwo. Da yamma muka ci tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, na kwana a soro, zafi kamar a tanda.

12 ga Afrilu: Cikin daji

Kawu da kansa ya zaɓo mini ɗan acaɓa, wani magidanci mai suna Haruna. Ya ce ya san wanda ake gaisarwa a hanya, ya san wanda ake kau da kai. Bakwai da kwata muka tashi, akwati a kan tanki, farantin a bayana kamar goyo. Mun yi minti ashirin a kan kwalta ta hanyar kudu, sannan muka saki titi muka faɗa wata siririyar hanya. Nan sabis ɗin waya ya ɗauke.

Na manta kyan wannan daji. Itatuwan doka sun fitar da sabon ganye ja-ja-ja tun ruwa bai sauka ba, ga kaɗanya, ga ɗorawa da tuntunta suna reto, ga manyan duwatsu baƙaƙe a kwance kamar giwaye. Zabbin daji suka tashi a gabanmu. Mun tsallake busassun rafuka uku, a ɗaya sai da na sauka na tura. Can muka haɗu da mutum biyu a kan babur sun fito daga wata hanya, fuskokinsu a rufe. Haruna ya rage gudu, ya ɗaga hannu, su ma suka ɗaga, kowa ya wuce. Ban tambaye shi ko su wane ne ba, sai dai na ji bayan rigarsa ya jiƙe.

Tara saura minti goma muka iso. Ƙauyen bai fi gida arba'in ba, Musulmi da Kirista a cakuɗe, rabin ɗakunan da sabon rufi. Bara suka dawo, bayan shekara huɗu suna raɓe a gidajen dangi cikin gari. Malama Laraba tana zaune a gindin mangwaro, kanta ya yi fari fat, da tabarau mai kauri. Na yi sallama na durƙusa.

"Muryar Tijjani ce wannan," in ji ta. Ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa. "Kai, har da gemu! Ka zo da duniyar?"

"Tana cikin akwati, Malama."

Gindin ɗorawa

Ashe magana ba ta ƙare ba. Bayan azahar Mai'unguwa Garba ya kira mu gindin ɗorawa, ga liman a damansa, ga dattijon coci a hagunsa. Ya tambayi su wane ne suka shirya wannan abu.

"Wasu masu aikin sa kai ne, ranka ya daɗe."

Ya zabura. "'Yan sa kai?"

Sai da liman ya yi dariya har da tari. A nan in ka ce 'yan sa kai, masu bindigar toka ake nufi. Na yi bayani cewa waɗannan ba su da ko gora, sai kwamfuta. Mai'unguwa ya murmusa, amma nan da nan fuskarsa ta koma yadda take.

"Malam Tijjani, ba ƙin baƙo nake ba. Tun da muka dawo, ba wanda yake zama a waje bayan magariba. Ko tocila ba a haskawa. Yanzu ka ce in tara mutanena a fili, ga haske, ga hayaniya. In wani abu ya faru, wa za a tambaya? Ni ne."

Ni gobe zan koma Kaduna, shi zai kwana nan har ƙarshen ransa. Na fara tunanin yadda zan naɗe kayana. Sai Malama ta gyara zama.

"Mai'unguwa, ni na koya maka karatu, ka san ba na wasa da rai. Mun dawo da tukwanenmu, mun dawo da awakinmu, amma yammacinmu yana can hannun mutanen daji. Jikokina ba su taɓa zama a waje an yi musu tatsuniya ba. Ba kwana na ce mu yi ba. Minti goma nake roƙo."

Dattijon coci ya ce wani abu da Gbagyi, liman ya amsa masa da Gbagyin, suka ɗan yi muhawara a tsakaninsu. Daga ƙarshe Mai'unguwa ya yanke: majigi a cikin aji, tun da sauran rana, a toshe tagogi, ba lasifika. Bayan magariba a fito fili minti goma, ba wuta ko ta ashana. Kafin kiran lisha kowa yana ɗakinsa. Ya kuma sa maza huɗu su tsaya a bakin hanyoyin shigowa.

Majigi

Aji ɗaya ne ya rage da rufi a makarantar. Muka toshe tagogi da tabarmi da buhuna, muka rataya farin zanen gadon Malama a jikin allo. Ƙarfe biyar na kunna. Na ƙirga mutum sittin da uku, wasu a benci, wasu a ƙasa, zufa tana zuba.

Ni dai danna maɓalli ne nawa. Malama ce ta yi darasin. Ta tsaya a gaba, ta ba majigin baya, ƙwarya a hannun hagu a matsayin duniya, ƙwallon goriba a dama a matsayin kumbo. In na ce mata ga hoton da ya fito, sai ta ɗauka daga nan, jimla ɗaya da Hausa, ɗaya da Gbagyi. Ta ba su labarin mutumin farko, ɗan manoma ne daga wani ƙauye a Rasha, wanda yaƙi ya taɓa korar iyayensa daga ɗakinsu yana yaro. Da ta faɗi haka sai mutane suka dubi juna. Ta ce da ya dawo, a gona ya sauka da lema, wata mata manomiya ce ta fara ganinsa, ta tsorata. Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce ita da fartanya za ta tarbe shi.

Tambayoyi suka yi ta zuwa. Liman ya ce wanda yake zagaya duniya haka, ina alƙiblarsa? Na ce Musulmi sun je can, malamai kuma sun yi musu bayanin yadda za su yi salla. Ya jinjina kai ya ce zai so ya ji bayanin nan. Wata ta tambayi wa yake musu girki. Wani mai faci ya ce shi fa duk haɗin fim ne, Turawa sun saba. Malama ta ce, "Madalla. Ka riƙe shakkarka zuwa bakwai da minti ashirin da biyu."

Da hoton Afirka ya fito, wani tsohon maharbi da ake kira Baba Dogo ya taso har gaban zanen, ya ce in nuna masa Kamuku. Na ɗora yatsa. Kan yatsan nawa ya rufe dajin, ya rufe Birnin Gwari, ya haɗa har da Kaduna. Ya ce, "Dajin da na yi shekara hamsin ban gama saninsa ba?" Ya koma ya zauna yana girgiza kai.

Muna fitowa muka ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Manoma suka hau murna, don ko ɗigo ba a samu ba bana. Ni kuwa na san hadarin zai iya rufe mana tashar. Na faɗa wa Malama. Ta ce, "Bar shi. In ruwa ne ya riga zuwa, ba wanda zai yi fushi da mu."

Bakwai da minti ashirin da biyu

Musulmi muka yi magariba, Kiristoci suka jira mu a kan bencina. Sannan aka taru a filin makaranta, ba mai magana da ƙarfi. Hadari ya cinye fiye da rabin sama, saura wani yanki a yamma. Madubin hangen nesan da ya jawo mini tsaiko ko fito da shi ban yi ba, don ba a ga wata. Na nuna musu saitin da za su duba, kudu maso yamma, saman itatuwan doka. Malama ta riƙe hannuna.

Lokaci ya cika. Ba komai. Minti ɗaya ya wuce. Mai faci ya yi gyaran murya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ga ta can," in ji Baba Dogo, a hankali, kamar ya hango gada.

Ta fito daga bayan itatuwa, fara tas, ta fi kowane tauraro haske. Ba ta ƙyaftawa, ba ta da ƙara, tana tafiya a natse kamar an ja ta da zare. Hannuwa suka tashi sama. Na ji "Allahu akbar", na ji "Yesu", na ji wata tana kiran 'yarta da Gbagyi ta zo ta gani. Mai'unguwa da ya ce ba hayaniya, shi ne ya fi kowa ɗaga murya: "Ku duba! Ku duba!"

Baba Dogo ya matso kusa da ni. "Na san wannan. Lokacin da muke kwana a kan duwatsu saboda mutanen daji, na sha ganinta. Na ɗauka jirgin soja ne yake nemanmu. Har riga na taɓa ɗaga mata." Ya juyo gare ni. "Ka ce mutane ne a ciki?"

"Mutane ne, Baba."

"Sun gan mu?"

"A'a, Baba. Sun yi nisa, kimanin kilomita ɗari huɗu."

"To," in ji shi. "Ai gara da na sani." Ya cire hularsa, ya ɗaga mata duk da haka.

Sai na ji Malama ta matse mini hannu. "Tijjani, faɗa mini. Ina take yanzu?"

Na juyo. Fuskarta tana sama, amma ba saitin da kowa yake kallo ba. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ta shafa fuskata da safe, da abin da ya sa ta ba majigi baya. Na kama haɓarta a hankali na juya ta.

"Ga ta nan, Malama, ta wuce kan ɗorawa. Fara ce, kamar an kunna fitila a nesa. Tana hawa. Yanzu tana saman coci. Ta kusa hadarin."

"Da sauri take?"

"Ta fi jirgi, amma ba ta gaggawa."

"Ci gaba."

Na ci gaba har ta shige cikin hadarin. Duka-duka ba ta fi minti biyu ba. Mutane suka tsaya kamar za ta dawo. Mai faci ya ce, "To, wannan dai ba zanen gado ba ne." Na ɗauki hoto ɗaya da waya. Iska mai sanyi ta taso, Mai'unguwa ya tafa hannu, aka watse, shi ne na ƙarshe da ya bar filin. Muna cin tuwon masara a ɗakin Malama, kafin lisha, ruwan farko ya sauka a kan kwano.

13 ga Afrilu: Komowa

Da safe gari ya yi ƙamshin ƙasa, maza sun fita duba gonaki. Na sami Malama tana shan kunu, na tambaye ta tun yaushe. Ta ce shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba.

"Da na faɗa, da asibiti za ka kai ni maimakon ka kawo majigi. Shekara talatin da biyu ina koyar da abin nan daga littafi, ni kaina ban taɓa ganinsa ba. Jiya na ji mutum sittin sun gan shi. Ka ji muryar Garba kuwa?"

Na ce ana cire yanar ido a Kaduna, aiki ne na yini ɗaya, kuma ɗakin baƙina yana nan. Ta ce sai an gama shuka. Na ce zan zo da kaina in ɗauke ta. Ta ce wa Haruna, da shi ma ya kwana a ƙauyen, "Ka ji, Haruna, kai ne shaida." Na bar mata farantin sola da batir, ta riƙa cajin rediyonta da wayoyin maƙwabta.

Takwas daidai muka tashi. Hanyar ta yi taɓo, rafi na biyu ya kawo ruwa har gwiwa, muka tura babur mu biyu. Goma saura kwata muka hau kwalta, sabis ya dawo. Na aika wa matar nan ta ƙungiyar hoton da 'yan layuka. Hoton bai yi kyau ba: duhu ne, da bayan kawuna, da hannuwa a miƙe, tashar kanta ko fitowa ba ta yi ba. Na leƙa na sauran ƙasashe, na ga manyan ɗakuna da fitilu da makaɗa, wasu ma a ƙarƙashin kumbo na gaske suka yi nasu. Amma a kan taswirar, ɗigonsu da namu girmansu ɗaya.

Na yi sallama da Kawu Isa, ya cika mini leda da daddawa, ya ce kada in sake shekara bakwai. Sha ɗaya da rabi motarmu ta tashi. Muna Buruku amsa ta shigo. Matar ta ce ta karanta wa abokan aikinta saƙon, tana kuma neman izinin su nuna hoton a shafinsu. Na ce sai na tambayi Mai'unguwa, kuma kafin in same shi a waya zai iya ɗaukar mako. Ta ce za su jira, in ya ƙi ma ba komai, tsaron mutanen ya fi hoton. Mutanen da ba su taɓa ganinmu ba, ba su kuma nemi komai a wurinmu ba, sun san wannan.

Huɗu saura minti goma muka shiga Mando, na isa gida ana kiran la'asar. Na tarar da Inna, mahaifiyata, a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ni na ɗauko ta daga Birnin Gwari lokacin da abin ya yi tsanani, ta kuma ce ita da wannan hanya sai dai a ba ta labari. Ta sa na zauna na ba ta shi tun daga tasha. Ba ta tambayi tashar sama ba ko sau ɗaya. Ta tambayi wa ya dawo, wa ya rasu, ko an gyara rijiyar unguwarmu. Da na gama ta shinshina daddawar. Can ta ce, "Ranar da za ka ɗauko Laraba, ka biya kujera biyu. Da ni za ka."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Shu'aibu da Haruna da suka san hanya, da Kawu Isa da ya faɗa mini gaskiya, da Mai'unguwa Garba da ya ɗauki nauyin minti goman nan a wuyansa. Na gode wa mutanen ƙungiyar, duk inda suke. Malama Laraba kuwa, godiyarta sai na je da kaina, in an gama shuka.